Aikin ya fita raina, albashi kuma ba laifi: in ajiye ne?

Tambaya: Wani bawan Allah ya rubuto cewa ya daɗe yana aiki a wuri ɗaya. Albashi yana shiga a kan lokaci kuma yana isarsa, babu wanda ya taɓa ci masa mutunci, amma duk daren Lahadi gabansa faɗuwa yake yi, da safe kuma da ƙyar yake jan ƙafa zuwa ofis. Da ya yi wa na kusa da shi ƙorafi, sai suka ce ya gode wa Allah, wasu na can suna yawo da takardu ba su samu ba. Yana tambaya ko rashin godiya ne ke damunsa, ko kuwa lokacin ajiye aikin ne ya yi.

Amsa: Malam, ba rashin godiya ke damunka ba, kuma daga abin da ka bayyana ban ga cewa lokacin ajiye aikin ya yi ba tukuna. Waɗanda suka ce ka gode wa Allah ba su yi ƙarya ba, sai dai ba su amsa tambayarka ba. Mutum yana iya gode wa Allah da ya ba shi abin yi, ya kuma lura cewa wani abu a cikin abin yin yana cin ransa. Na daɗe ina harkar kula da ma'aikata, na kuma sha ganin yadda irin wannan lallashi ke sa mutum ya haɗiye damuwarsa shekara da shekaru, sai rana ɗaya a kan abin da bai taka kara ya karya ba ya miƙa takardar murabus, babu tanadi, babu wani aikin a hannu. Gara a bi maganar a tsanake tun yanzu.

Abin da ke ɓata wa mutum rai a wurin aiki daban, abin da ke sa ya ji daɗin aikin daban. A ƙarshen shekarun 1950 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka mai suna Frederick Herzberg, shi da abokan aikinsa, sun zauna da injiniyoyi da akantoci wajen 200 a yankin Pittsburgh. Tambayar da suka yi wa kowa mai sauƙi ce: ba mu labarin lokacin da ka ji daɗin aikinka ƙwarai, sannan ka ba mu na lokacin da ka ji kamar ka tattara ka bar wurin. Da suka fitar da sakamakon a 1959, sai aka ga labaran biyu ba hanya ɗaya suka bi ba. Na ɓacin rai yawanci a kan dokokin kamfani ne, da halin shugaba, da yanayin wurin aiki, da albashi. Na jin daɗi kuwa a kan wani aiki mai wuya ne da mutum ya kai ƙarshensa, ko ranar da aka yaba masa, ko aka danƙa masa wani nauyi aka sakar masa mara. An soki wannan bincike daga baya, kuma masu sukar suna da hujja, domin ɗan Adam in abu ya yi kyau yakan ce shi ne, in ya lalace ya ce wasu ne. Duk da haka, a iya abin da na gani, rabon da Herzberg ya yi yana aiki. Cire ƙaya daga ƙafa yana raba mutum da ɗingishi, amma ba ya nuna masa inda za shi. Kai babu ƙaya a ƙafarka, shi ya sa na kusa da kai suka kasa gane kukan me kake yi. Abin da ka rasa yana ɗaya ɓangaren.

Maganar kuɗi ba zan daɗe a kanta ba, tunda ka ce albashin yana isarka. Wanda albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata ƙari yake buƙata, kuma duk shugaban da ya tara irin waɗannan ma'aikata yana yi musu lacca a kan ƙaunar aiki, yaudararsu yake yi. In buƙata ta biya kuwa, daɗin ƙarin albashi na 'yan watanni ne, sai ya zama jiki. Abin da ba ya zama jiki shi ne hangen na wani. A 2008 wata jarida ta saka albashin ma'aikatan gwamnatin jihar Kalifoniya a intanet, sai wasu masana tattalin arziki suka sanar da wani ɓangare na ma'aikatan Jami'ar Kalifoniya inda za su duba abin da abokan aikinsu ke ɗauka. Waɗanda suka tarar suna ƙasa da matsakaicin albashin sashensu, gamsuwarsu ta ragu, suka fara tunanin neman wani aikin. Waɗanda suka tarar suna sama kuwa, ba su ƙara jin wani daɗi ba. Ka binciki zuciyarka ko akwai wani sa'anka da ya wuce ka, wanda tunaninsa ke hana ka sakat. In akwai, canza ofis ba lallai ya raba ka da shi ba.

Abin da na fi zargi a halin da kake ciki shi ne rashin ta cewa. A 1967 aka fara bin diddigin lafiyar ma'aikatan gwamnatin Birtaniya maza kusan 18,000 a Landan, binciken da aka fi sani da Whitehall, wanda masanin lafiyar al'umma Michael Marmot ya yi suna a kansa. A lokacin an ɗauka manyan da nauyi ya yi wa yawa su ne ciwon zuciya zai fi kayarwa. Sai aka ga akasin haka. A cikin shekara 10, yawan mutuwa a tsakanin na ƙasa, irin su masinjoji da masu tsaron ƙofa, ya kai kusan ninki uku na manyan jami'ai. Abin bai tsaya tsakanin sama da ƙasa kaɗai ba, kowane mataki ya fi na samansa mace-mace. Dukkansu suna da tsayayyen aiki, dukkansu suna zuwa asibitin gwamnati kyauta, kuma shan taba da hawan jini da makamantansu wani ɓangare kawai na bambancin suka iya bayyanawa. Da aka sake sabon zagaye a 1985 da maza da mata wajen 10,000, cikin abubuwan da suka fito fili har da ƙarancin ikon mutum a kan aikinsa: wa ke yanke abin da zai yi, da lokacin da zai yi shi, da yadda zai yi shi.

Yawan aiki shi kaɗai bai cika karya mutum ba. Wanda aikin ya fi ci shi ne wanda aka jibga wa kaya kuma aka ɗaure masa hannu, kamar mai amsa waya a kamfani da aka rubuta masa kalmomin da zai furta, aka kuma ƙayyade masa mintocin da zai yi in ya zagaya. Akwai kuma mai laushin wannan, wanda na fi gani a ofisoshi: mutum ya ƙware a aikinsa tun tuni, amma har gobe wasiƙa mai layi uku sai ta bi tebur uku an sa hannu kafin ta fita. Babu wanda ya zage shi, babu wanda ya hana shi haƙƙinsa, amma kullum ana nuna masa cewa ba a yarda da hankalinsa ba. Irin wannan mutum ne yake cewa bai san me ke damunsa ba.

Don haka kafin ka yanke komai, ka samo ɗan littafi ka yi mako biyu ko uku kana rubutu. Kowace yamma kafin ka tashi, layi biyu sun isa: wane abu ne yau na yi da lokaci ya wuce ban sani ba, wane abu ne kuma na yi ina kallon agogo? Kada ka rubuta "yau ba daɗi". Ka rubuta taron ƙarfe goma, ko rahoton wata, ko kiran wane. Dalilin rubutun shi ne, mai ƙunci ganin komai yake yi baƙi ɗaya, alhali in aka bi kwanakin ɗaya bayan ɗaya, sau da yawa abu biyu ko uku ne ke ɓata sauran. Teresa Amabile ta Jami'ar Harvard da Steven Kramer sun yi irin wannan da yawa: sun tattara rubutun kullum kusan 12,000 daga ma'aikata 238 a kamfanoni 7. Abin da ya fi yawan fitowa a ranakun da mutane suka tashi da farin ciki shi ne sun ga aikin da ke da muhimmanci a gare su ya matsa gaba, ko da kaɗan ne. A ranakun baƙin ciki kuwa koma baya ne, kuma zafin koma bayan ya fi daɗin ci gaban ƙarfi. Ka duba littafinka ka ga yaushe rabon da ka tashi daga ofis kana iya nuna abu ka ce wannan na gama shi.

Sai maganar wanda aikin ke amfana. Aikin zamani yana da wata illa da ba a cika faɗa ba: an yanyanka shi gunduwa-gunduwa, har mutum ya shekara yana tura takarda ko cike gurabe a kwamfuta bai taɓa ganin fuskar wanda abin ya taimaka ba. Wani masanin halayyar ma'aikata mai suna Adam Grant ya gwada wannan da masu buga waya suna roƙon tsofaffin ɗaliban wata jami'a a Amurka su ba da gudummawa, aikin da yawancinsa jin "a'a" ne da kashe waya. Ya kawo wa wani rukuni daga cikinsu ɗalibi ɗaya da ke karatu da tallafin da ake tarawa, suka yi hira da shi ta 'yan mintoci, ya gaya musu yadda tallafin ya canza rayuwarsa. Bayan wata guda, lokacin da waɗannan suke yi a kan waya da kuɗin da suke tarawa duk sun ninka fiye da sau biyu. Waɗanda ba su gan shi ba suna nan yadda suke. Ba a ƙara wa kowa ko sisi ba.

Na ga irin wannan da idona. Wata ma'aikaciya ta zo mini tana neman a canza mata sashe, ta ce rahoton da take haɗawa duk ƙarshen wata ya ishe ta, kwanaki take yi a kansa kuma ta tabbata babu mai buɗe shi. Na ce ta bi sahun rahoton ta ga inda yake kwana. Ta tarar shafuka da yawa a ciki hakika babu mai dubawa, an gaje su ne daga wani shugaba da ya daɗe da barin wurin. Amma akwai jadawali ɗaya a shafin ƙarshe da wani dattijo a sashen kaya yake bugawa ya manna a bango, da shi yake sanin abin da zai yi oda. Ta same shi a tsaye gaban takardar da biro a hannu, ya zagaye wasu lambobi da ja. Ya ce mata da za ta riƙa turo masa wannan shafin tun kafin wata ya ƙare, da ta rage masa wahala. Ta je wa shugabanta da shawarar a yanke shafukan da suka mutu, a riƙa fitar da jadawalin da wuri. Ya amince, domin shi ma bai san dalilin sauran ba. Ba ta sake tayar da maganar canjin sashe ba.

Abin da ta yi, wato mutum ya gyara fasalin aikinsa da kansa ba tare da an canza masa muƙami ba, shi ne abin da wasu masu bincike biyu, Amy Wrzesniewski da Jane Dutton, suka yi rubutu a kansa a 2001. Sun lura da masu shara da goge-goge a wani asibiti. Aikinsu a takarda iri ɗaya ne, albashi ɗaya. Wasu suna yin abin da aka rubuta su tafi, suna kuma cewa aikin babu wata ƙwarewa a ciki. Wasu kuwa sun ɗauki kansu cikin masu jinya: suna lura da majinyacin da babu mai zuwa duba shi su tsaya su yi masa hira, suna tsara lokacin shararsu yadda ba za su takura wa ma'aikatan jinya ba. Waɗannan su ne suka fi jin daɗin aikin. Kai ma akwai wuri uku da za ka iya taɓawa: ayyukan da kake yi, mutanen da kake hulɗa da su, da yadda kake kallon amfanin abin. Na farkon ne ke buƙatar izini, kuma a nan mutane suke yin kuskure. Kada ka shiga wurin oga ka ce aikin ya gundure ka, domin abin da zai ji shi ne ka raina abin da ya ba ka. Ka je masa da abu ɗaya ƙarami: "Ranka ya daɗe, wannan aikin in aka bar mini shi daga farko har ƙarshe na wata uku, zan riƙa kawo maka bayani duk mako." Shugabanni da yawa suna riƙe komai ne don tsoron kada abu ya lalace a tambaye su, ba don mugunta ba. In ka ba shi wa'adi da hanyar sa ido, ka rage masa tsoron.

Sai dai a nan akwai tarko. Maganar samun ma'ana a aiki ta zama abin da wasu masu kamfani ke fakewa da shi. Wani bincike da aka yi a 2009 a kan masu kula da dabbobi a gidajen namun daji ya nuna cewa waɗanda suka fi ɗaukar aikin a matsayin abin da aka halicce su dominsa, su ne suka fi yarda su sadaukar da albashi da lokacinsu da hutunsu. Ƙaunar aiki ba ta soke haƙƙin ma'aikaci. Haka kuma ban yarda da masu cewa dole kowa ya nemo aikin da yake mutuwar so ba. Akwai mutane da yawa masu natsuwa da suka ɗauki aikinsu hanyar neman halali kawai, suna yin sa da kyau, in an tashi su tashi, daɗin rayuwarsu yana wurin iyali ko karatu ko wata hidima da suke yi wa jama'a. Wannan ba gazawa ba ce. Wani lokaci ƙuncin mutum yana zuwa ne daga ɗora wa aiki nauyin da ba zai iya ɗauka ba, yana so ya ba shi kuɗi da suna da abokai da manufar rayuwa gaba ɗaya.

Ba ka ambaci abokan aiki ba ko sau ɗaya a wasiƙarka, kuma na lura da hakan. Mutum ɗaya da za ka iya rufe ƙofa ku yi dariya, ko ka tambaye shi abin da ba ka sani ba ba tare da jin kunya ba, yana sauƙaƙa wuri fiye da yadda ake zato.

Faɗuwar gaban daren Lahadi kuwa, ina so ka tantance ta, domin abu uku ne ke kama da juna. Akwai gundura, wadda duk abin da na faɗa a sama ya shafa. Akwai gajiyar aiki mai cin rai, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2019 a matsayin matsalar da ke tasowa daga matsin aiki da ya daɗe ba a magance ba, da alamomi uku: ƙarfi ya ƙare, zuciya ta yi nisa da aikin har mutum ya koma kushe komai, sannan ya ji ba ya iya tsinana abin kirki. Wannan hutu take so da rage kaya, ba ƙarin himma ba. Ka ƙirga awoyinka da gaskiya, har da saƙonnin da kake amsawa a waya bayan an tashi. A 2021 hukumar tare da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun ƙiyasta cewa aikin awa 55 ko fiye a mako yana tafiya da ƙarin haɗarin shanyewar ɓarin jiki da kashi 35 cikin 100, da ƙarin haɗarin mutuwa ta ciwon zuciya da kashi 17, in aka kwatanta da mai yin awa 35 zuwa 40. Na uku shi ne ciwon damuwa, kuma alamar da ke raba shi da sauran ita ce ba ya tsayawa a ƙofar ofis. In ranar hutu ma babu abin da ke yi maka daɗi, barci ya rikice, cin abinci ya canza, abin ya wuce mako biyu a haka, to ka ga likita kafin ka ga oga. Mai wannan ciwo in ya ajiye aiki, yakan tarar ya tafi gida da ciwon kuma ya rasa albashi.

Akwai wuraren da ba na ba mutum shawarar ya tsaya gyara: inda ake wulaƙanta shi a gaban jama'a, inda ake tilasta masa sa hannu a kan ƙarya, inda ake riƙe masa haƙƙi, ko inda likita ya ce aikin ne ke kwantar da shi. Naka bai yi kama da waɗannan ba. Amma in ka yi rubutun, ka nemi a sakar maka wani abu, ka ba shi kamar wata shida, kowace ƙofa kuma aka rufe, to ka fara neman wani wuri hankali kwance, kana kan aikinka. Ka dai san cewa sabon wuri yana da zaƙin farko. Wani bincike da aka wallafa a 2005 a kan manyan manajoji da suka canza aiki ya nuna gamsuwarsu tana tashi da zarar sun koma sabon wuri, daga baya ta fara sauka. Wanda bai san abin da ya kore shi daga tsohon wuri ba, yana iya zaɓar irinsa sak, sai dai fentin ofis ya bambanta.

Littafin nan naka shi zai gaya maka abin da za ka tambaya a wurin ganawar ɗaukar aiki. In rashin ta cewa ne ya dame ka, ka tambaye su wane hukunci mai wannan kujera yake yankewa ba tare da ya nemi sa hannun kowa ba, ka kuma nemi misali na kwanan nan. Ka tambayi wanda ya riƙe kujerar kafin kai, ina ya koma, shekara nawa ya yi. In da hali ka nemo wanda ya taɓa aiki a wurin ya bari, domin shi ba ya tsoron kowa. Kuma kada takardar murabus ta bar hannunka sai takardar ɗaukar sabon aikin ta shigo, da albashi da ranar farawa a rubuce.